Hatimin Baban 'Yan Biyu

Jibiya,
Ranar Talata.

Zuwa ga Zunnuraini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ikkon nan taka da ta hana ka tuna gida. Mu nan alhamdu lillahi. Gwaggonka tana gaishe ka, ƙafar ce dai har yanzu, in ta zauna sai an kama ta take tashi. Hassana da Usaina sun ce in tambaye ka ko har yanzu da cokali kake cin tuwo. Na ce musu taubashina ne, ni na goya shi, na san shi tun yana cin ƙasa, kada cokalin ya ruɗe su.

Na san za ka yi dariya in ka ga takarda. Tun da aka katse mana sabis saboda mutanen daji, mun koma zamanin iyayenmu. Da farko mutane kan tafi Magama su tsaya bakin iyaka, su ɗaga waya sama suna kamun sabis ɗin Nijar. Yanzu wannan ma ya gagara, don duk wanda aka ga yana yawan ɗaga waya sai a fara yi masa wani irin kallo. Shi ya sa zan ba Ɗanladi direba wannan, ya ajiye maka a rumfar masu albasa 'yan garinmu.

Katin nan da ka bari wajen Ummaru mai caji da Babbar Sallah, wanda muka yi ta yi maka tsiya a kansa, yau shi ne abin rububi. Da akwai sabis ba wanda ya kalle shi. Yanzu kowa sai ya kai wayarsa rumfar Ummaru a saka masa manhajar da ke cikin katin. Yadda ka faɗa haka take yi: in wayoyi suka kusanci juna, saƙo sai ya tsallaka daga wannan zuwa waccan, kafin a sha koko ya gama gari. Har ƙananan wayoyin nan masu tocila, 'yan raka-ni-kashi, sun ɗauka. Gwaggonka ta ce ashe zaman gaban kwamfuta ba lalaci ba ne kawai.

Mai unguwa da 'yan sa-kai sun zaɓi mutane kaɗan waɗanda su kaɗai za su riƙa aika sanarwa, sauran jama'a karantawa ce tasu. Maigidana, Baban 'Yan Biyu, aka ba hanyar gonakin Farfaru, tunda shi ne farkon fita da a-kori-kurarsa. Yakan je ya dawo, sannan ya aika cewa hanya lafiya, ko kuwa kada a fita. Gero ya nuna, kowa yana son kwashe nasa, saboda haka gari guda bakinsa ake jira. Hatimin da wayarsa ta ba shi hotuna huɗu ne: raƙumi, tulu, tsani da albasa. Yaran sun zana masa su da alli a jikin ƙofa, shi kuwa sai fara'a yake yi kamar an naɗa shi sarauta.

Ni dai ba na fara'a, Zunnu. Tsoro nake ji. Ka san abin da ake yi wa wanda aka ce infoma ne a garin nan, ba a kai shi gaban alƙali. Ranar da ya ce lafiya kuma aka samu akasi, wa za a kama? Wannan ma na bar wa Allah. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne: wani zai iya aika saƙo da hatiminsa, alhali ba shi ba ne? Ka amsa mini da Hausar da malamar firamare za ta gane, ban da irin bayaninka mai sa barci.

Yayarka,
Rabi'a

*

Ikko,
Ranar Asabar.

Yaya Rabi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin albasa, na karanta har sau biyu. Ina lafiya ƙalau. Ki duba mini Gwaggo, ki ce ta rage zama a ƙasa. Ki gaya wa 'yan biyu da hannu nake ci, kuma zancen cin ƙasa ƙage ne irin na taubasai.

Wallahi na ji daɗi. Shekara da shekaru muna aikin nan, ni da abokaina biyu, ban taɓa jin ya yi amfani irin na wannan karon ba. Bari in yi miki bayanin, ki daure kada ki yi gyangyaɗi.

Abin da kuke gani a fuskar waya ƙaramin abu ne, a sati biyu na haɗa shi. Ainihin aikin yana can ciki, shi muke kira laburare, mun sa masa suna Sakata. Kamar injin da ake ɗora wa famfon ban-ruwa yau, gobe a ɗora wa na niƙa. Aikinsa biyu: ya kulle saƙo yadda baƙo ba zai karanta ba, ya kuma buga masa hatimi don a san wanda ya aiko. Wahalar ita ce mu sa shi ya yi aiki iri ɗaya a ko'ina. Babbar waya da irin yarenta, kwamfuta da nata, ƙaramar waya kuwa ƙwaƙwalwarta ba ta kai ta kaza ba. Sai da na yi ta rage masa kaya kafin ya shiga cikinta. Mun bar shi a fili, duk mai so ya ɗauka ya duba, har wani asibiti ya nemi ya kulle bayanan marasa lafiya da shi.

To ga amsarki. Ranar da aka fara buɗe manhajar a waya, Sakata yakan yi ƙuri'a ya fitar da wata lamba mai tsawon gaske. Wannan lambar ita ce mabuɗi, kuma ba ta barin cikin wayar. Hotunan nan huɗu fuskarta ce kawai, don waɗanda ba su iya karatu ba. Lambobin da ake zaɓa daga cikinsu sun fi yashin Gulbin Maraɗi yawa nesa ba kusa ba. Ko za a tara kwamfutocin duniya su yi ta canka har a tashi ƙiyama, ba za su dace da ta mijinki Yaya Kalilu ba. Na gwada a kowace irin waya, har irin tasa, na kashe na kunna ba adadi, ban taɓa ganin biyu sun zo ɗaya ba.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Duk saƙon da ya fito da hatiminsa, daga wayarsa ya fito, ba makawa. Ya dai riƙe ta da kyau, kada ya ba kowa aro. In akwai mai shakka, ki nuna masa wannan takarda, ni na yi abin, ni na faɗa.

Ina gaida maigidan, sarkin raƙumi da albasa.

Ƙanenki,
Zunnuraini

*

Jibiya,
Ranar Laraba.

Zunnuraini,

Assalamu alaikum. Gwaggonka da yara suna nan da rai. Ba zan ce maka muna lafiya ba.

Sun tafi da Baban 'Yan Biyu.

Bari in faɗa maka daga farko. Shekaranjiya Litinin bai fita duba hanya ba. Motar ta kwana tana zubar da ruwa, tun da safe ya tura ta gareji. Wayarsa kuwa tana kan kwabata, babu batir a cikinta, don ni da kaina na cire shi na aika rumfar Ummaru caji. Amma da hantsi sai ga saƙo ya bi gari cewa hanyar Farfaru lafiya lau, a fita. Raƙumi, tulu, tsani, albasa. Na gani da idona a wayar maƙwabciyata.

Mutane suka fita da lauje da buhuna. Mutanen daji suna kwance a bakin rafi suna jiransu. An harbi mutum biyu, ɗaya ya cika a wurin. An tafi da mata, cikinsu har da Adama matar Yusha'u, da goyonta. Ka san Yusha'u, dogon nan na 'yan sa-kai da kuka yi makarantar allo tare.

Kafin azahar 'yan sa-kai suka same shi a ƙarƙashin mota, suka jawo shi ta ƙafa. Da na ji na fita ko mayafi ban gyara ba. Na iske Yusha'u ya shaƙe masa wuyan riga yana cewa, "Don mi ba ka hita ba yau? Don mi sai yau motar taka ta lalace? Ka san abin da ka ajiye muna bisa hanya!" Shi kuwa ba abin da yake maimaitawa sai, "Wallahi ban aika komi ba."

Na ce musu wayar tana ɗakina babu batir. Suka ce mace za ta ƙi kare mijinta ne? Aka kira Ummaru, ya zo, ya ce batura sun fi ɗari a gabansa, ba zai rantse a kan ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba, shi ma yana da 'ya'ya.

Sai mai unguwa ya sa hannu a aljihu ya fito da takardarka. Ni na kai masa ita makon jiya, Zunnu, da ƙafata, ina taƙama da ƙanena. Aka ba wani ya karanta da ƙarfi: duk saƙon da ya fito da hatiminsa, daga wayarsa ya fito, ba makawa. Ka ji yadda wurin ya ɗauka. Yusha'u ya ce, "To, ga ɗan'uwansu ma ya hwaɗi. Mi ya rage?"

Da ba don mai unguwa ya tsaya a tsakani ba, da a nan aka gama. Ya roƙe su a jira amsar mai abin, tunda shi kaɗai ya san cikinsa. Suka yarda da ƙyar, zuwa Juma'a ta sama. Yana kulle a ɗakin da suke ajiye kayansu. Sun kwashe wayoyin gidan, lambarka tana ciki, ban taɓa haddace ta ba. Sun ajiye mutum a ƙofar gida, ko Katsina ba ni da ikon zuwa. Wannan takardar ma a ƙarƙashin kwanon tuwo maƙwabciyata za ta fitar wa Ɗanladi da ita.

Ban san lissafinku ba. Na san dai wayar da ba batir ba ta magana. Ko dai ni na haukace, ko kuwa akwai abin da ba ka gani ba. Don girman Allah ka duba.

Rabi'a

*

Jibiya,
Ranar Alhamis.

Zunnuraini,

Sallama. Har yanzu yana da rai, jiya na ji muryarsa ta bayan ƙofa lokacin da na kai abinci. Ba su bar ni na gan shi ba. Kwanon ya dawo kusan yadda na kai shi, kuma mai gadin ya ce da hagu yake ci yanzu. Ban tambayi dalili ba.

Ɗayan da aka harba ya rasu, an yi jana'izarsa ɗazu. Da aka dawo daga maƙabarta mutane suka biyo ta ƙofar gidanmu, ba hanyarsu ba ce. Suka tsaya suna kallon zanen yara a jikin ƙofa. Bayan sun wuce Hassana ta ɗebo ruwa ta wanke shi, ban sa ta ba.

Gobe ce Juma'ar. Mai unguwa ya ce zai nemi ƙarin kwanaki, amma ya ce mini, "Malama, bakina ya hwara ƙarewa."

Shirun nan naka na mene ne? Ko ka karanta ka gaskata lissafinka ka ƙaryata ni? In haka ne ka rubuto ka faɗa, in san ba ni da kowa. Wani direba zan ba wannan, Ɗanladi bai dawo ba.

Rabi'a

*

Ikko,
Ranar Lahadi.

Yaya Rabi,

Wa alaikumus salam. Allah ya sa wannan ta same ku da rai, ke da shi. Ba ta mota za ta zo ba. Na tura wa wani abokina a Katsina ta waya, zai buga ya kawo miki da hannunsa.

Ban yi shiru ba. Motar Ɗanladi ta karye a hanya, ta kwana da kwanaki. Takardarki ta biyu ce ta fara zuwa. Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina karanta "har yanzu yana da rai", ban san wa kike nufi ba, ban san me na gaskata ba. Jiya Ɗanladi ya iso da ta farkon.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta sai da na ce ba zai yiwu ba. Na zauna a kan buhun albasa ina ta juya abin, har na fara tunanin ko wani ya shiga ɗakinki da wani batir. Ɗanladi yana gefena. Wayarsa ta mutu, irin ta Yaya Kalilu ce, sai ya ɓalle bayanta ya canza batir. Da ta kunnu na ga agogonta ya nuna sifiri, ɗaya ga watan ɗaya. Can sai ya gyaru da kansa. Ɗanladi ya yi dariya ya ce, "Nan ne take da hankali. Can gida tun da anka ɗauke sabis, dut wayoyinmu ɗaya ga wata suke, ba su motsi."

A nan na gane, Yaya.

Ga abin da ya faru. Na ce miki Sakata yakan yi ƙuri'a. Manyan wayoyi da kwamfuta suna da wurin ɗibar ƙuri'a na musamman. Wannan ƙaramar ba ta da shi, sai na sa ya riƙa ɗiba daga agogonta. A nan sabis ne ke saita agogo da zarar an kunna waya, shi ya sa duk gwajina ban taɓa ganin biyu sun zo ɗaya ba. A wurinku babu sabis. Kuma ramin katin yana ƙarƙashin batir, dole Ummaru ya cire batir kafin ya saka manhajar. Agogo ya koma sifiri ya tsaya. Duk wayar irin wannan da aka buɗe a haka, ƙuri'a ɗaya za ta ci.

Na sayi sababbi biyu, ban sa musu layi ba, na yi yadda Ummaru yake yi. Raƙumi, tulu, tsani, albasa. Dukansu biyun. Hatimin mijinki yana kan teburina a Ikko.

Ke nan akwai wayoyi da yawa a garin masu ɗauke da mabuɗinsa, masu su ba su sani ba, tunda ba wanda ke leƙa hatimin kansa. Mutum ɗaya ne ya lura wayarsa tana iya aika sanarwa, ya yi amfani da ita.

Ga abin da za ki yi. Ki sa mai unguwa ya aika a sayo sababbi biyu a kwalinsu, irin ta Yaya Kalilu. Kada ki taɓa su. Ummaru ya saka manhajar a gaban kowa. A danna maɓallin tauraro sau biyu, hatimi zai fito.

Amma ki ji ni da kyau: kada ki bari a buɗe wayoyin mutane. In aka fara, duk wanda aka ga hatimin a tasa ya zama abin zargi, za ki fitar da mijinki ki sa mijin wata. Na duba ta Ɗanladi. Ba zan rubuta abin da na gani ba. A goge manhajar daga kowace waya a ranar, kada a ƙara gaskata wata sanarwa.

Na sanar da abokan aikina, mun janye Sakata daga ƙananan wayoyi, mun gargaɗi duk masu amfani da shi. Ki ba su wannan takarda su karanta da ƙarfi kamar waccan. Waccan kuskure ce, ni na rubuta ta. Ina neman mota, amma kada ki jira ni.

Zunnuraini

*

Jibiya,
Ranar Laraba.

Zunnu,

Assalamu alaikum. Yana gida. Na fara da wannan don kada ka tsaya a tsakiyar kasuwa kana neman ma'ana. Gwaggonka ta yi sujada da ƙafar nan tata, sai da muka taru muka ɗaga ta.

Abokinka ya iso Litinin da hantsi. Mai unguwa ya samo mana kwanakin da ƙyar, kuma a ranar suke ƙarewa. Na karanta a tsaye, na fita. Mai gadin ƙofa ya tare ni, na ce masa ya harbe ni ko ya raka ni, sai ya raka ni.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ni kaɗai ce mace. Aka fito da shi ɗaure da igiya aka zaunar a ƙasa, hannunsa na dama a naɗe da tsumma. Ban kalle shi sau biyu ba, don na san in na ƙara ba zan iya magana ba. Aka karanta takardarka. Wajen agogo da ƙuri'a mutane suka fara gunaguni, wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne, an kitsa shi don a fitar da suruki.

Aka kawo wayoyin a kwalinsu. Ummaru ya zauna a tabarma, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, har katin ya suɓuce masa ya faɗi cikin yashi aka shiga nema. Ni kuwa idona yana kan hannunsa. Ina ta cewa a raina, in fa na Ikko daban ne? In fa wannan karon ma yaron nan bai ga wani abu ba? Ya saka, ya mayar da batir, ya danna tauraro. Mai unguwa ya karɓa ya kai kusa da idonsa, ya ce, "Raƙumi." Ya ƙara dubawa. "Tulu. Tsani. Albasa." Ta biyu ma haka. Aka yi ta miƙa su hannu zuwa hannu, ana salati.

Na ɗauka an gama. Sai Yusha'u ya miƙe. Ka gan shi kuwa? Ya rame, idanunsa sun yi ja, ba labarin Adama har yau. Ya ce, "Katin nasu ne. Ɗan'uwansu ya yi shi, shi ya san abin da ya aiko a yi mishi. Sabuwar waya ba shaida ba ce." Ya zaro tasa daga aljihu ya miƙo mini. "Ga tawa. Tun randa anka sa mata abin ba ta bar jikina ba. Buɗe ta mu gani, in gaskiya ne."

Na tuna gargaɗinka. Na dubi wayar, irin tamu ce, har launin. Na ce, "Malam Yusha'u, ka bar ta." Ya ce, "Kun gani? Tsoro take ji." Gaskiya ya faɗa, tsoro nake ji, amma ba irin wanda yake zato ba. In ta nuna wani hatimi daban, mijina ya tafi. In ta nuna namu, ga mutane a tsaye da bindigogi, ga gawa biyu da ba su huce ba. Ban karɓa ba. Na ce ya danna tauraro sau biyu da hannunsa.

Ya danna. Ya daɗe yana kallo. Na kusa da shi ya leƙa, ya ja da baya. Ba wanda ya karanta hotunan da ƙarfi, ba a buƙata. Yusha'u ya buɗe baki ya ce, "Wallahi ni ban..." sai ya tsaya, ya juya ya dubi Baban 'Yan Biyu a ƙasa. Kalmomin da ya sha ji daga mijina ta bayan ƙofa ne suka zo bakinsa. Ya zauna a wurin.

Sai na ga hannuwa suna komawa aljihu, kowa yana dafe tasa. Wani saurayi ya ce a buɗe ta kowa a gani. Mai unguwa ya daka masa tsawa irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya sa aka kawo kwando, ya fara jefa tasa, ya ce ba wanda zai bar wurin da waya, kuma ba wanda zai leƙa ta wani. Ummaru ya goge su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsu a kife. Wanda ya aika saƙon nan wataƙila yana cikin masu jefawa, wataƙila ma ya yi mini barka.

Yusha'u da kansa ya kwance igiyar.

Mai ɗori ya ce yatsu biyu ne da wuyan hannu suka karye, za su haɗe in Allah ya so. Ba ya magana sosai. In aka buga ƙofa sai ya zabura. Ban ce na huce da kai ba, Zunnu, ban kuma ce ina fushi ba. Takardarka ce ta ɗaure shi, takardarka ce ta kwance shi, ban san inda zan ajiye wannan ba tukuna. In ka gyara abin naka, kada ka aiko da kati. Ka zo da kanka, ka zauna a rumfar Ummaru inda babu sabis, ka cire batir da hannunka. Yanzu da safe mutane sukan tsaya a bakin hanyar Farfaru da laujensu, suna kallon juna, ba mai cewa a tafi. Geron yana can yana zuba.

Ɗazu da safe aka yi sallama. Na leƙa, Yusha'u ne, ba bindiga. Baban 'Yan Biyu ya fita zaure, ni kuma na laɓe a bayan ƙofa da taɓarya a hannuna. Suka zauna. Can Yusha'u ya ce an aiko daga daji, an faɗi wurin da za a je a karɓo Adama da yaron, can bayan rafi. Ya ce ya bi direbobin garin nan kaf, ba wanda ya yarda. Ya ce, "Kalilu, ba ni da bakin roƙonka. Amma ba wanda ya san hanyar nan kamarka. Ni zan riƙe sitiyari, kai dai ka zauna ka nuna mini."

Na jingina da bango ina roƙon Allah ya sa mijina ya tuna hannunsa, ya tuna 'ya'yansa, ya tuna igiyar.

Na ji shi ya ce, "To. A zuba wa motar ruwa."

Gobe za su fita. Ka yi mana addu'a.

Yayarka,
Rabi'a